Ranar da Na Wanke Littafi

Sai da na kwana goma sha ɗaya a Paris kafin na gane aikin da aka kawo ni yi. Wanda ya aiko mini da takardar gayyata wani ɗan kasuwar kayan tarihi ne da muka taɓa haɗuwa a Tumbutu. Ya ce yana da tsofaffin littattafan hannu da ke neman baduku wanda ya san ɗinki da tadarishi, wato bangon fata. Ni kuwa sana'ata ke nan tun ina yaro a Damagaram. Na yi ta a Kano, na yi ta a Khartum da Alƙahira, na shekara shida ina yin ta a Jidda, na kuma taɓa ta a Abijan. Lokacin ina da shekara hamsin da tara, kuɗin yuro bai daɗe da fitowa ba, sai na ce bari in je in ga ƙasar da aka koya mini harshenta a lakwal, makarantar boko, tun ƙafa ba ta gaza ba.

Ya sauke ni a wani ɗaki bayan kantinsa. Kwanakin farko ya ba ni gyara na gaskiya guda biyu. Ran nan sai ya shigo da kwali cike da takardu sababbi fil, rubutun jiya, ya ajiye butar baƙin shayi da ɗan kasko. Ya ce in jiƙa gefensu da shayin, in turara su, in ɗan yage kusurwa nan da can, sannan in yi musu riga da tsohuwar fata. Cikin fara'a ya faɗa, kamar mai cewa a miƙo masa gishiri. Na amsa masa da Faransanci don kada ya ce bai ji ba. Na ce shekara arba'in ina hana littafi tsufa, ban koyi tsufar da shi ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce ɗakin na ma'aikaci ne, yana son makullinsa kafin la'asar.

Na fito ana yayyafi, da jakar tufafi a hannu ɗaya, jakar basilla da aska da zare a ɗayan. A tashar jirgin ƙasa na zauna har ƙafafuna suka daina jin sanyi. Wani mai shara, mutumin Mali, ya wuce gabana sau uku. A na huɗu na gaishe shi da Bambarancin da na tsinta a Abijan. Ya jingine tsintsiyarsa ya tambayi garinmu, sannan ya rubuta mini sunan La Courneuve a bayan tikiti, ya ce in nemi masallacin da ke ƙarƙashin dogon bene, ba za a rasa mai jin Hausa ba. Ban tambayi sunansa ba, har yau abin yana damuna.

A masallacin na haɗu da Alhaji Sani, mutumin Tawa, dogo, mai ƙarancin magana. Bayan magariba muka gaisa doguwar gaisuwa irin ta gida, har tambayar gajiya da iyali da damina, na ji idona ya kawo ruwa. Ya kai ni gidansa a hawa na tara. Matarsa Hajiya Zainabu ta shimfiɗa mini a falo, na ce kwana biyu zan yi, na yi wata bakwai. Shi ya bi mini hanyar takardu, shi kuma ya sama mini aiki a Rungis, babbar kasuwar abinci, a rumfar kifi inda ya shekara talatin. Aikina wankin akwatuna da hantsi bayan an watse. Na ga kasuwar Kurmi, na ga kasuwannin Alƙahira, amma ban taɓa ganin kasuwar da ake shiga mota daga rumfar kifi zuwa ta nama ba. Tsarinta ya burge ni. Hannuwana dai ba su burgu ba. Ƙanƙara ta farfasa su har na kasa zura zare a allura. Abin da na fi kewa ba tuwo ba ne, ba rana ba ce. Warin bagaruwa ne na majemar unguwarmu, warin da na yi ta tsaki a kansa ina yaro.

Alhaji Sani yana da ƴa ɗaya, Hadiza, haifaffiyar can, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Lyon. Ta kai talatin lokacin. Takan zo ƙarshen wata. Hausarta ta Tawa ce amma rabinta Faransanci, kuma Tonton take ce mini, wato kawu a bakinsu, uban yana gyara mata ta ce Baba Malam, ba ta ji. Abin da ke tsakaninsu kuwa nutso ne. Ta koyi shiga ƙarƙashin teku da kwalbar iska a baya da gilashi a fuska, duk hutun da ta samu can take tafiya. Uban yakan ce shi ɗan garin da ake yini neman rijiya, Allah ya ba shi ƴar da ruwan saman duniya bai ishe ta ba sai na ƙasa. Ita kuma ta ce Baba shekara talatin yana juya kifi, bai taɓa ganin mai rai ba. Hajiya ta ce duk su yi shiru miya tana sanyi.

Wata Asabar Hadiza ta ce za ta shiga gari sayen littafin tafiye-tafiyen nutso. Alhaji ya ja ni gefe ya ce in raka ta, tunda ni mutumin littafi ne kuma tana ganin girmana, in yi mata nasiha ta bar wannan abu. Na karɓa da niyyar cika masa.

Kantin yana kusa da kogi, ba a sayar da komai sai taswira da littattafan teku. Ta ciro guda biyar ta jera. Na zaci hotuna za ta duba. Sai na ga ta fara da shekarar da aka buga kowanne, ta mayar da biyu nan take, ta ce teku tana canzawa, tsohon bayani yana iya kai mutum inda babu mafita. Sauran ta bi su wuri-wuri. Zurfin kowane gurbi, watan da igiyar ruwa ke ƙarfi, ta ina ake shiga ta ina ake fita, da asibiti mafi kusa da ke karɓar wanda ya taso da gaggawa iska ta shiga jininsa. Akwai wani babba mai kifaye kala-kala wanda ni kaina ya ɗauke mini ido. Ta karanta shafi uku ta rufe.

"Wannan bai faɗi abin tsoro ko ɗaya ba, Tonton. Mai shi bai shiga ba."

Na san masu nutso a wurare da yawa. A garinmu akwai masu sauka rijiya da igiya a ƙugu. Na ga Sarkawa a Gaya suna ɓacewa cikin kogi su fito da kifi a hannu, na ga masunta a Jidda. Duk jarumai ne, amma iliminsu a ƙirji yake, ba sa faɗa, in sun mutu ya bi su. Ban taɓa ganin wanda ke neman a rubuta masa tsoronsa dalla-dalla kafin ya shiga ba.

Da saura biyu, sai na ce to ta yi nata, bari in yi nawa. Na buɗe kowanne a tsakiya ina neman zare. Ɗaya gam kawai aka shafa masa a baya, irin wanda ke zubar da ganye bayan damina biyu. Takardarsa kuma mai sheƙi ce. Na lashi yatsa na taɓa gefenta na matse, ta kama. Na nuna mata, na ce irin wannan in ta jiƙe ta bushe, littafin ya zama bulo. Ɗayan ɗinkakke ne, takarda mai kaushi, taswirori baƙi da fari, ƙarami da zai shiga jaka. Mai kantin yana kallonmu ta saman tabarau, ya ce shekarunsa a nan bai taɓa ganin mai lasar kayansa ba. Hadiza ta ce ai bai ga komai ba, a gida har shinshinawa nake yi.

A bayan wannan ƙaramin akwai fararen shafuka masu layi. Ta bayyana mini cewa nan ake rubuta kowane nutso, rana da wuri da zurfi da tsawon lokaci, sannan malamin da ya shaida ya sa hannu ya buga hatimi. Ba a yarda da bakinka, sai da shaidar wanda shi ma wani ya shaida masa. Irin wannan na gani a hannun malaman Alƙahira, takardar izini da ke cewa wane ya karanta wurin wane, shi kuma wurin wane. A nan nasihata ta mutu. Da muka koma na gaya wa Alhaji gaskiya, na ce na je in janye ta na tarar ta fi ni da shi taka-tsantsan. Kwana biyu bai yi mini magana ba in ban da sallama. Rana ta uku ya miƙo mini kofin shayi na farko, na san ya wuce.

Ina da sauran jar fatar akuya guda ɗaya da na zo da ita daga gida. Da hannuna suka ɗan warke na ɗinka wa littafin gafaka da ita, jakar da muke yi wa littafi mai daraja. Na dama tawada da kaina, baƙin tukunya da ƙaro, na rubuta Bismillah da addu'ar tafiya a shafin farko. Abu ɗaya ne ban so ba. Duk rubutunta da fensir take yi. Na sha gaya mata fensir na ƴan makaranta ne, abin da ake so ya daɗe da tawada ake rubuta shi. Sai ta yi dariya ta ce to Tonton.

Shekara shida littafin yana yawo. Ya je Marseille ba adadi, ya je tsibirin Kors, ya je Bahar Maliya ta gefen Masar. Duk zuwanta sai ta kawo mini shi in duba zare in shafa wa fatar mai. Ni kuma na sami ɗan ɗaki a Stains, wata unguwa a gefen Paris, na rage zuwa kasuwa, ina gyara wa mutane Alƙur'anai da takardun gado.

Wata Talata a watan Nuwamba, bayan azahar, ta kira ni. Gaisuwar ma a gajarce. Ta ce igiyar ruwa ta cika musu kwalekwale a Marseille, jakarta ta sha ruwan teku sa'a biyu, littafin yana ciki. Saura mako uku ta gabatar da shi gaban masu jarrabawa, don ta zama mai jagorar wasu a ƙarƙashin ruwa. Jarrabawar sau ɗaya ake yi a shekara. An kuma yi mata alkawarin aji na mata a wani wurin koyon iyo, irin matan unguwanninmu da ba su taɓa sa ƙafa a ruwa ba, in ba ta kawo takardar bana ba wani za a ba. Ba littafin, ba jarrabawa.

Washegari na hau jirgin Lyon da jakar kayan aikina. Garin yana da manyan tashoshi biyu, na sauka a wadda ba ita ba. Wata tsohuwa mai jan keken cefane ta ga ina juya takarda, ta raka ni har bakin taragon da zan hau, ta fasa nata. Lyon ta fi Paris kwanciya a raina. Koguna biyu ne suka rungume ta, ɗaya mai sauri da launin toka, ɗaya mai nawa da launin ƙasa, suna haɗuwa a ƙarshen gari. Sai na tuna Khartum inda farin Nilu da shuɗi ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Abin da ban lura da shi ba shi ne tururin da waɗannan koguna ke shimfiɗa wa gari a wannan wata.

Na ce ina littafin. Ta buɗe firigo, ɓangaren ƙanƙara, ta ciro shi cikin leda daga tsakanin kaza da wake. Ya daskare kamar dutse, jan fatar ya zuba ya rina bayansa. Raina ya ɓaci sau biyu. Na farko don littafi mai sunan Allah kusa da kaza. Na biyu don na ga jan nan nawa ne, rinin karan dafi da ban taɓa tunanin zai haɗu da teku ba. Ta ce malamarta, Madam Odil, ita ta ce a daskarar da shi, kada a taɓa sai ta dawo daga tafiya ranar Asabar. Na ce wace ce Madam Odil a harkar littafi. Ta ce don Allah in jira.

Ban jira ba. Tana fita asibiti, inda za ta yi kwana biyu a bakin aiki, na ciro shi. Na yi masa abin da ubana ya koya mini, abin da na yi wa ɗaruruwan littattafai. Na bar shi ya saki, na zare gafakar, na tsayar da shi a buɗe kan tebur kusa da taga, a inuwa, iska tana ratsa ganyayensa. A Damagaram littafin da aka yi wa haka da azahar kafin magariba ya bushe. A Jidda ma, duk da gumin garin, yini biyu ya isa. A nan kwana ɗaya ya wuce yana nan jiƙe. Kwana na biyu na tashi na tarar ya fi jiya laima. Na taɓa harshe a gefensa, gishiri zalla. Sai a lokacin na fahimta. Gishirin ne ke jawo ruwa daga iska yana mayarwa cikin takarda. Na juya bayan, inda jan rini ya fi yawa, na ga fumfuna baƙa da kore ta fito a ganye biyu na ƙarshe, takardar ta yi laushi kamar dafaffen kabeji.

Da ta dawo na tare ta a ƙofa na gaya mata, ban rage komai ba. Ta ajiye jaka ta je ta duba, ta daɗe tsaye. Ba ta ɗaga murya ba. Ta mayar da shi cikin leda, ta mayar cikin ƙanƙara, sannan ta ce, "Malam, ka ci abinci?" Shekara shida ban taɓa jin ta ce mini Malam ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Madam Odil ta zo ranar Asabar da hantsi. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, ta haura saba'in, kunnenta ɗaya ya mutu saboda nutso, hannunta kamar na masunci. Ta duba ɓarnar ba ta nemi mai laifi ba. Ta ce duk abin da ya fito daga teku, riga ko kwalba ko mutum, da ruwan daɗi ake wanke shi, littafi ma haka. A cika baho.

Na ce ba da hannuna ba. Na bayyana mata cewa a wurinmu ruwa shi ne maƙiyin rubutu, da shi ake goge allo, ɗigo ɗaya yana cinye layi. Ta juyo mini da kunnenta mai ji ta sa na maimaita. Sannan ta ce, "Wace tawada, Musyu? Taku ko tamu?" Ta ciro daga jakarta ɗan farin allo na roba da fensir ɗaure a jikinsa, ta ce da wannan suke rubuta wa juna magana a ƙarƙashin teku. Hadiza tana bayanta tana kallon silin.

Na ce to a gwada. Wannan kam aikina ne. Na naɗa auduga a tsinken ashana, na jiƙa, na bi kowane irin rubutu a kusurwa. Fensir bai motsa ba. Biro bai motsa ba. Hatimai galibi sun tsaya, ƴan kaɗan da teku ta riga ta dusashe ba su ƙara ba. Na zo shafin farko, wanda matsin gafaka ya hana teku wanke shi, na taɓa wutsiyar harafi ɗaya, audugar ta fito baƙa. A littafin nan kaf, rubutuna kaɗai ne ba ya jure ruwa.

Madam Odil ta ce ita gishiri ta sani, zare kuwa ba ta san ta inda ake kama shi ba, in an kwance ba za ta iya mayarwa ba. Na ce wannan a bar mini. Na sa wa kowane ganye lamba da fensirin Hadiza, na yanke zaren da na yaba a kanti shekara shida baya. Muka yayyanka tsohon labule mai raga, kowane ganye a kwantar da shi kan yanki ɗaya a nutsa shi a hankali, don jiƙaƙƙiyar takarda ba a ɗaga ta da yatsa. Ruwa uku muke canzawa. Ni ke ɗanɗanawa, sai na daina jin gishiri mu fitar. Daga nan sai tsakanin takardu masu shan ruwa, a ɗora katako, a danne da dalmar da suke ɗaurawa a ƙugu don su nutse. Kwana biyar ina canza takardun safe da yamma, fanka tana kaɗawa. Na yi aiki da malaman gyaran littafi a ƙasashe huɗu, ban ga mai haƙurin tsohuwar nan ba. Ganye ɗari da wani abu, ba ta yaga ko ɗaya ba, tana yi tana ba ni labarin wani kifi da ya shekara goma yana tarbarta a bakin kogo ɗaya.

Shafin farko shi na bari ƙarshe. Ban sa shi a baho ba. Na nemi kwano mai tsabta na wanke shi shi kaɗai, ina kallo Bismillah ta narke ta bar takarda fara. Ruwan da ya ɗauki sunan Allah ba a zuba shi a magudana. Na ɗauki kwanon da hannu biyu na nufi ƙofa. Madam Odil ba ta tambaye ni ko ina ba, ta tashi ta buɗe mini, ta kuma bi ni ta riƙe mini ƙofar ƙasa. Na taka har bakin kogin nan mai nawa na zuba.

Na mayar da ɗinkin da sabon zare, littafin ya buɗu, ana karanta komai. Sai ganye biyun nan. Fumfuna ta cinye sa hannu da hatimi na nutson da ta yi a Masar, malamin da ya shaida kuwa yana can kan jirgin ruwa ba a samunsa. Aka ƙirga, ta gaza adadin da ake nema da uku. Da na bar shi cikin ƙanƙara da ba a rasa ko ɗaya ba. Saura kwana tara. Madam Odil ta ce akwai tsohon ramin fasa dutse a wajen gari da ruwa ya cika, za a iya yin ukun a can, ita za ta shaida, amma ruwan a wannan wata yana yanka kamar aska.

Na kira Alhaji Sani. Na ce ƴarka za ta shiga ruwan sanyi sau uku saboda taurin kaina, na ga ya kamata ka ji daga bakina. Ya ce Allah ya kyauta. Biyun farko ta yi su lafiya cikin mako. Ranar na uku, Asabar da safe, muna shirin fita aka buga ƙofa. Alhaji ne da babbar riga a kan kwat biyu, da bargo da butar kunu daga Hajiya. Hadiza ta ce Baba ka ɓata hanya ne, nan ba Rungis ba ce. Ya ce ya zo ganin kifi mai rai.

Ramin yana tsakanin duwatsu, ruwan baƙi, tururi kwance a kansa. Alhaji ya tsaya yana kallo, Hadiza ta duba kayanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta duba na Madam Odil, ita ma ta duba nata. Kafin ta sa gilashi ta gaya masa zurfin da za su kai, ta ce minti talatin da biyu za su yi, ta cire agogonta na hannu ta ba shi. Suka shiga, ruwa ya rufe. Babu abin gani sai kumfa tana ɓullowa tana tafiya a hankali. Carbi a hannunsa na dama, agogo a na hagu. Wajen minti ashirin kumfar ta yi nisa har muka daina ganinta. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, littafin ya faɗi wannan?" Na buɗe masa taswirar ramin, na nuna masa lungun da ake zagayawa bayan dutse, da inda ake dawowa. Ya ɗora yatsa a wurin bai ɗaga ba. Can kumfar ta dawo daidai inda yatsan ya nuna. Ta tsaya wuri ɗaya kusa da mu na ƴan mintoci, na gaya masa wannan tsayawar dole ce, don jini ya huce. Allurar agogo tana hawa talatin da biyu, kai biyu suka ɓullo.

Alhaji ya je bakin ruwa har takalminsa ya jiƙe, ya yafa mata bargo a kan rigar roba. Leɓenta ya yi shuɗi. Ta goge hannu ta cike layinta, Madam Odil ta sa hannu ta hura wa hatimi ta buga. Alhaji ya tambaye ta ko ta ga kifin. Ta ce guda ɗaya, ya ce a gaishe shi.

Sannan ta buɗe shafin farko ta miƙo mini. "Tonton, nan ya zama fili."

Na ce tawadata tana Stains. Alhaji ya zare fensirin daga hannunta ya sa a nawa. "Rubuta da wannan, Malam. Ka ga dai abin da taka ta yi."

Na rubuta a tsugune, littafin a kan gwiwa, cikin sanyin nan. Shi ne rubutun Bismillah mafi muni da na taɓa rubutawa, yana nan kuma har yau. Masu jarrabawa sun karɓi littafin, ɗayansu ma ya tambayi wanda ya yi ɗinkin. Ta ci, ta sami ajinta. Cikin ɗalibanta na farko har da ƙanwar Hajiya Zainabu, mai jikoki huɗu. Littafin yanzu a akwatin roba mai murfin matsewa yake zama, wanda Alhaji ya samo a kasuwa, na zaitun ne a da. Ban ƙara kawo maganar fata ba.

Gafakar kuwa ni na taho da ita. Na dawo Damagaram shekaru kaɗan bayan haka, na rataye ta a bangon shagona. Ta ƙandare, jan ya koma ruwan ƙasa, ban wanke ta ba da gangan. Duk rani a bushe take kamar kowace fata. Amma da zarar hadarin farko ya haɗu a gabas, tun ɗigo bai sauka ba, in na taɓa ta sai in ji ta jiƙe.